Ziyarar York Minster da tsohuwa mai keken guragu

Talatu: Jama'a, barkanku. Mahaifiyarmu na son ganin babbar majami'ar York da ke Ingila, amma da keken guragu take tafiya. Ina za ta iya shiga, ina ne ba za ta iya ba?

Malam Bulus: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, Mama za ta zaga yawancin cikin majami'ar a kekenta. Gidan tarihin da ke ƙarƙashin ginin ma akwai lif, kuma kada ku tsallake shi, don a nan ake ganin ragowar sansanin sojojin Rumawa da aka gina majami'ar a kansa. Hasumiyar tsakiya ce dai ba ta hawuwa gare ta. Matakala 275 ce, matsattsiya, tana murɗawa kamar dodon koɗi, babu lif. Tikitinta daban ne, yaron da bai kai shekara 8 ba ba a barinsa, in iska ta yi ƙarfi kuma akan rufe ta.

Saratu: Ƙari a kan bayanin Malam, mai yawon buɗe ido ne ke biyan kuɗin shiga, wanda ya zo ibada ba ya biya. Ku duba jadawali kafin ku taso, saboda ranar Lahadi da safe sujada ake yi, masu zagaye sai daga baya.

Ku ba Mama lokaci a gaban babbar tagar gabas mai gilashi kala-kala, wadda aka kammala a 1408. Ku tafi mata da rigar sanyi, ginin dutse ne.

Talatu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.