Taƙaitaccen Bayanin Masunta Kan Su a Ƙarshen Damina

Ga abin da masuntan Zariya masu zuwa su a madatsar Tiga suka tattauna game da watannin Agusta da Satumba.

1. Kowa ya yarda cewa idan ruwa ya cika ya yi ja, kifi yakan bar tsakiya ya shige ciyawar da ambaliya ta rufe domin kiwo da ƙwai, saboda haka a bakin gaɓa da mashigar rafuka ake samunsa.

2. Tarwaɗa ta fi cin tana da daddare, musamman bayan ruwan sama, shi ya sa ake kafa mamari (doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa) da magariba a duba da asuba. Karfasa kuwa gura (tarkon kifi) mai dusa take shiga.

3. An rabu kan kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a ruwa kifi ya maƙale a idanunta. Wasu sun ce yana kamu sosai, wasu suka ce karmami da itacen da ruwa ya kwaso suna yayyaga shi, kuma hujjar na biyun ta fi ƙarfi a ganina.

4. Dattawa sun hana raga mai ƙananan idanu.

5. Da zarar hadari ya haɗo daga gabas, a fitar da kwalekwale bakin gaɓa.