Zobe a ƙafar ɗan tsuntsu: daga ina ya fito, kuma me ake nema da shi?

Malamin Firamare, Nguru:

Assalamu alaikum. Makon da ya wuce wani ɗalibina ya kawo mini ɗan tsuntsu mai launin ƙasa-ƙasa, wanda bai kai gwara girma ba, da ya harbo da danƙo a bakin fadama. A ƙafarsa ta dama akwai siririn zoben ƙarfe, kuma da na duba da kyau sai na ga lambobi da rubutun "Riksmuseum Stockholm". Mutanen unguwa sun yi ta faɗin albarkacin bakinsu, har wasu na cewa na'urar leƙen asiri ce. Na adana zoben a cikin ambulan. Ina roƙon masu sani su bayyana mini wanda ya sa shi, da yadda ake kama tsuntsu ƙanƙane haka ba tare da an kashe shi ba, da kuma abin da ya kamata in yi.

Mai Nazarin Tsuntsaye, Jos:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalin jama'a, domin babu wata na'ura a jikin zoben. Rubutun adireshi ne na gidan adana kayan tarihin halittu da ke Stockholm, wanda ke kula da duk zobban ƙasar Suwidin, lambar kuwa ta wannan tsuntsu ce shi kaɗai. Ba zan iya cewa ga inda aka sa masa ba sai an duba kundinsu, amma na yi aikin sa kai na kaka guda a tashar sa wa tsuntsaye zobe ta Ottenby da ke Suwidin, don haka zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Tashar tana ƙarshen kudancin tsibirin Öland, a Tekun Baltik, gindin wata doguwar hasumiyar fitilar jiragen ruwa, kuma tun 1946 ake aiki a wurin. Dalilin zaɓen bakin teku shi ne da dare ne yawancin ƙananan tsuntsaye masu waƙa suke tafiya. Idan gari ya waye suna saman ruwa, ko hazo da iska suka tare su, sai su faɗa kan ƙasar da suka fara gani, ga gajiya ga yunwa. Saboda haka ɗan lambun da ke kewaye da tashar yakan wayi gari cike da tsuntsaye, alhali jiya da yamma ko ɗaya babu. Wannan yana faruwa ne daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Nuwamba, wato ya haɗa da lokacin da mu muke girbin gero da dawa.

Tun kafin fitowar rana muke buɗe raga, wadda zarenta baƙi ne siriri, har tsuntsu ba ya ganinta idan akwai ganye a bayanta. Akwai kuma manyan tarkuna na waya masu faɗin baki da ke tsukewa zuwa wani akwati, waɗanda aka sa wa sunan tsibirin Helgoland na Jamus. Kusan kowane rabin sa'a ake zagayawa, a kwance tsuntsu a hankali, ƙafa da farko, sannan fiffike, sannan kai, a sa shi a jakar yadi. A ɗakin aiki sai a matse masa zoben da filaya ta musamman, a auna tsawon fiffike, a duba gashinsa don a san ko ɗan bana ne ko babba, a ɗora shi a sikeli. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin da ake hura gashin cikinsa da baki: fatar siririya ce ƙwarai, har kana hango kitse rawaya a ƙarƙashinta, kuma wannan kitsen ne guzurinsa. Tsuntsun da masana ke kira Sylvia borin, wanda nauyinsa bai wuce giram 18 ba idan babu kitse, yakan haura giram 25 kafin ya tunkari Sahara. Duk aikin bai fi minti ɗaya ko biyu ba, sai a sake shi.

Hajiya Mai Kiwon Tattabaru:

Malam, na gode da bayanin, amma zuciyata ba ta natsu ba. Halittar da ta kwana tana tafiya a kan teku, ta sauka don ta huta, sai kuma ta faɗa raga a riƙe ta a hannu tana haki. Ni da nake kiwo na san yadda zuciyar tsuntsu ke bugawa idan an kama shi. Shin ba a samun waɗanda ke mutuwa? Idan kuwa ana samu, wane amfani ne ya kai a ɗauki alhakinsu?

Mai Nazarin Tsuntsaye, Jos:

Hajiya, tambayarki tana kan hanya, kuma ba zan ɓoye miki ba, akan samu asara, ko da yake binciken da aka yi ya nuna ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Shi ya sa ba a barin kowa ya yi aikin sai ya daɗe yana koyo a hannun gwani ya sami lasisi, kuma ana naɗe raga idan ruwan sama ya yi ƙarfi. Zoben ƙananan tsuntsaye bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba.

Amfanin kuwa ya wuce sanin hanya kawai. Tun 1899, lokacin da wani malamin makaranta ɗan ƙasar Danmak, Hans Christian Mortensen, ya fara wannan dabara, zobba suka nuna inda tsuntsayen Turai ke cin rani. Amma a ganina babbar darajar tasha irin Ottenby ita ce tana kafa raga a wuri ɗaya, a ranaku ɗaya, shekara bayan shekara, ta yadda idan wani jinsi ya ragu alƙaluma za su nuna. A 1969 masu lura da tsuntsaye a Birtaniya sun ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu matuƙa, da aka bi diddigi sai aka gano farin da ya afka wa yankinmu na Sahel ne sanadi. Ashe fadamar Malam da lambun Ottenby gida biyu ne na tsuntsu ɗaya. Wannan ne ma ya sa masu binciken Ottenby suka zo har Malam Fatori, a bakin Tafkin Chadi, suka yi aikin sa zobe.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji:

Malam na Nguru, abin da ke hannunka yana da wuyar samu, domin cikin dubban ƙananan tsuntsayen da ake sa wa zobe a arewacin Turai, ƙalilan ne ake jin labarinsu daga kudu da Sahara. Ka kwafe lambar daidai, ka ɗauki hoton zoben, ka rubuta ranar da aka samu tsuntsun da wurin, ka kuma faɗi gaskiya cewa harbinsa aka yi, don su ma suna son sanin sanadin mutuwar. Kana iya aikawa ta shafin intanet na EURING, wato ƙungiyar cibiyoyin sa wa tsuntsaye zobe ta Turai, ko ka tuntuɓi cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos. Bisa al'ada sukan maido da amsa mai ɗauke da jinsin tsuntsun, da ranar da aka sa masa zoben, da nisan da ya yi. Idan ta iso, ka karanta wa ajin, yaron da ya harbo shi yana zaune.

Malamin Firamare, Nguru:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na ɗauki hoton, gobe in sha Allah zan aika. Taswirar duniyar da ke ofishin hedimasta ma na aro ta, mun riga mun nemo Suwidin da yaran.