Wai na karya Asabar, shi kuwa mai cin gumina fa?

Tela Yelwa:
Salama gare ku 'yan'uwa. Ban saba kawo maganar gida nan ba, amma yau abin ya ishe ni. Lahadin makon jiya saura kwana uku Sallah, kayan mutane sun cika mini shago, shadda da atamfa har kan keke, ga wuta kullum sai ta ɗauke da rana. Na je sujada kamar kowa, na ba da baikona, aka tashi sha ɗaya da rabi, na ci abinci na buɗe shago don in cika alkawari. Wani dattijon ikilisiyarmu ya wuce a babur ya gan ni, ko sannu bai ce ba. Jiya za a ci jibin Ubangiji, sai aka turo yaro ya raɗa mini a kunne wai in dakata, dattawa sun ce na karya Asabar, sai na zauna da su tukuna. Matata na gefe, 'ya'yana suna kallo.

To shi wannan dattijon, tun Kirsimetin bara waccan na ɗinka wa gidansa kaya, shi da uwargida da yara biyar, jaka goma sha takwas. Har yau ko dala bai ba ni ba. In na je sai ya ce Allah ya yi maka albarka ɗana. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ma'aikaci ya kwana a hannun mai aiki har safe. Nawa ya kwana fiye da kwana ɗari biyar. Ku faɗa mini, biyayya ga dokar Allah ta tsaya a kan kwaɗon shago ne kawai? Wanda ya riƙe gumin mutum shi ne zai tsaya yana raba gurasa, ni a hana ni?

Ɗan Koza:
Sannu da haƙuri ɗan'uwa. Amma gyara kaɗan. Ba yadda za a yi mutum ya karya Asabar ranar Lahadi, domin Lahadi ba Asabar ba ce. Kwana ɗaya kafin nan shagonka a buɗe yake ko a rufe? In a buɗe yake, to a nan ka karya, kai da dattijon da fastonku gaba ɗaya.

Maman Biyu:
Shi ke nan, an taɓo masa inda yake ƙaiƙayi.

Ɗan Koza:
Mama ba ni na faɗa ba. Fitowa 20:8 zuwa 11, rana ta bakwai. Ko Hausar da muke yi ta isa shaida, Lahadi daga Larabci take, ma'anarta ta ɗaya. A cikin Dokoki Goma, doka ta huɗu ce kaɗai ta fara da cewa a tuna, ita ce kuwa duniya ta manta.

Katikis Rumde:
Doka ta uku, ɗana. Ka iya ƙidaya tukuna kafin ka koya wa mutane.

Ɗan Koza:
Ta huɗu ce Baba.

Katikis Rumde:
Shekara ashirin da shida ina koya wa yara ajin baftisma. Ƙaramin Katikisma na Martin Luta tun 1529 yake, ikilisiyarku ta Adventist kuwa a 1863 aka kafa ta a Amurka. Wa ya riga wani?

Malamin Lakwal:
Ku biyu duka kuna da gaskiya a wannan, don Littafi ya ce dokokin goma ne amma bai sa musu lamba ba. Katolika da Lutiran suna bin ƙidayar Agustin, wani babban malamin ikilisiya na zamanin da, sun haɗa maganar waɗansu alloli da ta gumaka wuri ɗaya, sun raba ƙyashi gida biyu. Sauran suka raba ta farko suka bar ƙyashi ɗaya. Shi ya sa ranar hutu take ta uku a wurin wasu, ta huɗu a wurin wasu. Ba harafin da ya ɓata.

Ɗan Koza:
Wato an haɗiye dokar gumaka a cikin ta farko don kada a gan ta. Mun gane.

'Yar Tokombere:
Ka kama bakinka daga kanmu. Maganarku ce ta Asabar, me ya kawo Katolika? Fadanmu Baba Simon ya taka duwatsun nan ba takalmi yana bin ƙauyuka har ya rasu a 1975, har yau Musulmi da masu gargajiya suna ambatonsa da alheri. Ka nuna mini biyayyar da ta fi wannan kafin ka zo kana mana gori da gunki.

Ɗan Koza:
Yaya ban zagi kowa ba. Mu ma tun shekarun 1930 muke Dogba, asibitinmu na Koza kuwa ba a tambayar mutum ranar sujadarsa kafin a duba shi.

Tela Yelwa:
'Yan'uwa ni fa maganar kuɗina nake yi.

Malamin Lakwal:
Ni a ganina rabin rigimar nan fassara ce ta jawo ta. A Faransanci sabbat daban, samedi daban. A Hausa kalma ɗaya ta ɗauki biyun, Asabar ranar mako, Asabar ranar hutu. Shi ya sa wata fassarar ta rubuta Asabbaci don ta raba. Asalin kalmar a Ibrananci dainawa ce, a ajiye aiki.

Ɗan Koza:
Malam, a ajiye aiki yaushe? A nan gizo yake saƙa. Sarki Kwanstantin ne ya kafa dokar hutun Lahadi a shekara ta 321, ranar rana ma ya kira ta. Dokar sarkin Roma kuke bi kuna cewa ta Allah ce.

Malamin Lakwal:
Dokar 321 gaskiya ce, amma hutun kotu da na sana'a ya kafa, ba shi ya fara taron ba. Ayyukan Manzanni 20:7, a ranar farko ta mako suka taru gutsuttsura gurasa a Taruwasa. 1 Korantiyawa 16:2, baiko ranar farko ta mako. Jastin Mai Shahada, wani marubucin Kirista na zamanin da, ya kwatanta taron Lahadi tun wajen shekara ta 150, kafin a haifi kakan Kwanstantin.

Ɗan Koza:
Jastin a wane littafi yake cikin littattafai 66 na Littafi Mai Tsarki?

'Yar Tokombere:
73 ne a wurinmu Katolika.

Maman Biyu:
Wayyo Allah, a bar wannan kuma.

Mai Kilando:
Ni dai ban ga abin wahalar da kai ba. Romawa 6:14, ba mu ƙarƙashin shari'a, muna ƙarƙashin alheri. Kolosiyawa 2:16 ta ce kada kowa ya hukunta mu kan ci da sha ko Asabar. Ni Lahadi da yamma ne ma nake samun fasinja, daga Jambutu zuwa Babbar Kasuwa ba hutawa. Yesu ya gama komai a kan gicciye.

Baba Ngaundere:
Yaro, da ka karanta aya ta 14 idonka ya ƙi sauka ta 15 ne? Bulus da kansa ya tambaya, to sai mu yi zunubi tun da muna ƙarƙashin alheri, ya amsa da a'a ko kusa. Yohanna 14:15, Ubangiji ya ce mai ƙaunarsa zai kiyaye umarninsa. Ba da kiyaye doka ake samun ceto ba, wannan mun yarda, amma ɗan da aka haifa a gida yana jin maganar ubansa. Irinku ne ake ɗaukowa daga gidan giyar bilbil ana ta alheri alheri.

Mai Kilando:
Baba ku yi haƙuri, kun taɓa ganina a gidan bilbil? Kuna Ngaundere ina Garwa.

Baba Ngaundere:
Ba sai na gani ba. Maganarka ce ta yi wari.

Mai Kilando:
To in doka ake so mu ɗauka duka. Yahudawa sun ƙirga 613. Yakubu 2:10 ya ce wanda ya saɓa ɗaya ya saɓa duka. Tela, surar da ka kawo ma, Firistoci 19, ka gangara aya ta 19, an hana sa rigar da aka haɗa zare iri biyu. Yadin shagonka nawa ne auduga zalla? Kamfanin auduga na Sodecoton yana nan garinmu amma kowa roba-roba yake sawa. Aya ta 27 kuma ta hana gyaran gefen gemu, a rufe wanzamai ke nan.

Tela Yelwa:
Kai ma ka juyo kaina? Yakubu 5:4 fa, ai Sabon Alkawari ne, ya ce ladan ma'aikata da aka danne yana kuka har Ubangiji ya ji. Wannan ba maganar zare ba ce.

Ɗan Koza:
Mai Kilando ya faɗi gaskiya ba da saninsa ba. Ba a zaɓe. Firistoci 11 ta hana alade, ta hana kifin da ba shi da ɓawo. Ku kuwa duk tarwaɗar Lagdo a cikinku take ƙarewa.

Maman Biyu:
A'a, tsaya nan. Ka taɓa Lahadi na yi shiru, ka taɓa gunki na yi shiru, amma tarwaɗa da ita na biya wa tagwayena kuɗin lakwal shekara shida. Ayyukan Manzanni 15, manzanni suka zauna a Urushalima kan mu al'ummai, abu huɗu suka ɗora mana: abin da aka yanka wa gumaka, jini, maƙararriyar dabba, da fasikanci. Ka duba da tabarau, ba tarwaɗa a ciki.

Ɗan Koza:
Ba kisan kai a ciki ma Mama. Sai mu yi ta kisa?

Maman Biyu:
Ni ba sa'arka ba ce.

Ɗan Gwoza a Minawawo:
Ina ta karantawa tun ɗazu. A 2014 da muka haura dutse muka bar Gwoza, kwana uku muna tafiya, ba wanda ya san wace rana ce a cikinmu. Wata mata a ƙauyen farko da muka sauka wannan gefen ta daka dawa ta dama mana kunu, mu goma sha ɗaya. Daga baya ne muka gane Lahadi ce. Ban san ikilisiyarta ba, ban ma tabbata tana zuwa wata ba. Ubangiji ya ce an yi Asabar domin mutum, Markus 2:27. Ni dai ban iya cewa ta karya komai.

Katikis Rumde:
Allah ya ƙara ta'aziyya ɗan'uwa. Amma wancan aikin jinƙai ne. Ɗinkin kayan Sallah don kuɗi ba tunkiya ce ta faɗa rami ba.

Tela Yelwa:
Baba, masu kayan Sallar nan kafin in sa almakashi sun biya rabi, ranar karɓa suka cika. Da kuɗinsu na sayi buhun masara. Da na jira na dattijonku da yarana sun yi azumin da ba a sa su ba.

'Yar Mora:
Mu kasuwar Mora ranar Lahadi take ci, tun kafin a haifi iyayenmu. Mata suna fitowa sujada su ɗauki kayansu su gangara, in ba su sayar ranar ba sai wani mako. Fastoci sun sani, zakkar ma daga nan take fitowa. Ban taɓa jin an mayar wa wata da kuɗinta an ce na Lahadi ne ba.

Baba Ngaundere:
Don ana yi ba shi ne daidai ba. Zamanin da muka tashi, 'yan mishan na ƙasar Nowe suna nan tun 1925, ranar Lahadi ko itace ba ka ji ana faskarawa a unguwar mishan. Yanzu kowa ya zama malamin kansa da waya a hannu.

'Yar Mora:
Baba su albashinsu daga Turai yake zuwa.

Ɗan Koza:
Ranar da ba a faskara itacen ma kuskure ce.

Mai Kilando:
Ni abin da ya ba ni mamaki, Katikis ya amsa wa kowa amma bai ce uffan kan jaka goma sha takwas ba. Ko don uwargidansa da dattijon ciki ɗaya suka fito?

An goge wannan saƙo.

An goge wannan saƙo.

Maman Biyu:
Mun riga mun karanta ai.

Katikis Rumde:
Ba za a mai da wannan zaure wurin tonon asirin gidajen mutane ba. Na fitar da Mai Kilando na mako biyu, ya je ya koyi magana da manya.

Tela Yelwa:
To Baba ni yanzu me zan yi?

Katikis Rumde:
Dare ya yi, bari in tattara abin da aka cimma don waɗanda ba su bi daga farko ba. Ɗan'uwanmu tela ya amsa da bakinsa cewa ya buɗe shago ranar Ubangiji, kuma dattawa sun yi abin da tsarin ikilisiya ya ba su, cikin ƙauna, ba su kira sunansa daga bagade ba. Yawancin masu magana sun yarda Lahadi ce ranar sujadar Kirista, Malam ya kawo hujjoji daga Littafi da tarihi waɗanda ɗanmu na Koza ya kasa amsawa. An kuma tabbatar dokar hutu ita ce ta uku. Baba na Ngaundere ya yi mana faɗa irin na uba game da masu fakewa da alheri, muna godiya. Maganar kifi da kasuwar Mora ba su shafi batun ba. Abin da ɗan'uwa ya ambata na wata 'yar ma'amala tsakaninsa da wani, mun ji ɓangare ɗaya ne kawai, kuma Matiyu 18:15 ta ce ka je ka same shi ku biyu, ba a intanet ba. Shawarata ya je gaban dattawa ranar Laraba da tawali'u, biyayya ta fi hadaya.

Na rufe zauren sai da safe. Tunatarwa ga 'yan Garwa: waɗanda suka yi alkawarin kuɗin kwanon rufin majami'a tun watan Janairu ba su cika ba, sunayenku suna wurina, har da kai tela, jaka biyar. A kawo kafin Lahadi. Romawa 13:8, kada bashin kowa ya zauna a kanku.