Neman shawara: umarnin da aka soke zai iya isowa a makare ya ɓata bayanai?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da kwamfutocin wata cibiyar jarrabawa a wani ƙauye kusa da Ringim. Sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, Linux ce, ma'ajiyar bayanai tana wani ɗaki daban, iSCSI, tsarin aika wa faifai umarni ta hanyar sadarwa, ya haɗa su. Duk lokacin da aka juya wuta daga sola zuwa janareta, suwic ɗin da ke tsakani, na'urar da ke haɗa wayoyin sadarwarsu, yakan mutu ya tashi, sai saba ta nuna ta soke wasu umarni. Damuwata: rubutun da aka soke, in ya iso daga baya, ba zai hau kan sabo ba?

Injiniya daga Dutse:
Wa'alaikumus salam Malam. Ta wannan fuskar kwantar da hankalinka. Kowane umarni yana ɗauke da lambarsa ta layi, CmdSN, kuma bisa ita ma'ajiya ke aiki. A amsoshinta tana faɗa wa saba lambar da take jira da iyakar wadda za ta karɓa. Saƙon sokewa, ABORT TASK, yana ambaton lambar umarnin da ake nufi. In saƙon ya riga umarnin isowa, ƙa'idar iSCSI, wato RFC 7143 ta 2014, wadda ta gaji RFC 3720, ta ce ma'ajiya ta lissafa lambar kamar ta iso, ta amsa an gama. Da umarnin ya biyo baya sai a watsar da shi. Wannan tseren ma sai in haɗi ɗaya tsakanin saba da ma'ajiya yana da hanyoyin aika saƙo, wato na TCP, fiye da ɗaya. A hanya guda na baya ba ya wuce na gaba.

Sai dai sokewa ba ta goge abin da ya riga ya hau faifai. Rabin rubutun na iya zama a can har saba ta sake aikowa.

Wata 'yar'uwa daga Bichi:
Malam, matsalarka ta wuta ce. Linux tana jiran umarni daƙiƙa 30 kafin ta soke, in sokewar ta ƙi ta koma LUN RESET, wato soke duk umarnin da ke jiran wannan faifan. In hanya ta yanke kuma, open-iscsi, manhajar iSCSI ta Linux, kan riƙe umarni daƙiƙa 120, in sun wuce ka fara ganin kuskure, har faifai ya koma karatu kawai. Sa wa suwic da ma'ajiya UPS, batirin da ke riƙe wuta in ta ɗauke, tukuna, kafin ka taɓa waɗannan lambobi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Ma'ajiya tana kan UPS, suwic ne babu. Gobe in Allah Ya so zan ja masa waya daga UPS ɗin.