Kujerar lantarki da iyalan mamaci

Tambaya daga Gwale: Assalamu alaikum. Malamai, shin iyalan wanda aka kashe suna samun sanyin zuciya idan aka zartar wa makashinsa hukunci a kujerar lantarki, kamar a Amurka?

Amsa daga Fagge: Wa'alaikumus salam, Malam. An fara amfani da kujerar a New York a 1890, kuma jihar Tennessee ta yi amfani da ita a 2020. Iyalan sukan kalla ta bayan gilashi. Wasu hankalinsu yakan kwanta, wasu kuwa su fito da baƙin cikinsu yadda suka shiga da shi.

Amsa daga Dala: A shari'ar Musulunci magada ne ke zaɓa tsakanin ƙisasi, diyya da yafiya. A Amurka kuwa gwamnati ce ke yankewa, kuma wannan yana damuna ƙwarai.