Ɗakinmu ya tsage bayan ruwan jiya, ina za mu kwana?

Ummu Sadiya, Kassala:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ruwan daren jiya ya kayar mana da katangar kicin, ɗakin kwana kuma ya tsage tun daga saman ƙofa har ƙasa, hannuna na shiga tsagar. Ginin jalus ne, wato ginin laka, tun na marigayi surukina. Maigida yana Bur Sudan wajen aiki, ni ce da yara huɗu da Hajiya mai ciwon ƙafa. Muna da angarib (gadon igiya) uku, tabarmi, da mushamma (tamfol) ɗaya irin na ƙungiyar agaji ta Hilal Ahmar, mita 4 a kan 6. Hajiya ta ce ba inda za ta, wai ɗakin da ambaliyar kogin Gash ta 2003 ba ta kayar ba, ba ruwan dare ɗaya ne zai kayar da shi ba. Yaya zan yi kafin magariba?

Baba Alhaji, magini:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya tsare gaba. Kada kowa ya sake kwana a ciki, ko na sa'a ɗaya. Jalus in ya sha ruwa ba lallai ya faɗi ranar ba. Gindinsa ne ke jiƙewa ya yi laushi, ƙasar rufi kuma ta ƙara nauyi, sai ki ji ya zube rana tsaka sama garau. Ki tara samarin unguwa su yi miki nafir, wato gayya, su kafa miki rakuba, wato rumfa, ba ta wuce aikin wuni. A kafa ta inda ya fi tudu a tsakar gida, nesa da kowane bango fiye da tsayin bangon. Sanduna shida, rami kamu ɗaya, gefe guda ya fi tsawo don ruwa ya gangara. Kada a huda mushamman, nan iska ke samun wurin yaga shi. A cusa ɗan dutse ta ciki, a ɗaure igiya a wuyansa, kamar ƙullin kuɗi a bakin zani. Sannan a ja lambatu kewaye, a fitar da shi waje.

Abu Usman:
Me ya kai ki wahala? Ki kwashe yara ku tafi makaranta.

Ummu Sadiya:
Yaya, makarantar kusa da mu cike take da waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum da Jazira. Kuma gidan da katangarsa ta faɗi, wa zan bar wa?

Inna Hauwa, Gadarif:
Ƙanwata, sannu. Ni dai maganar ƙasa zan yi miki: kada yaro ko ɗaya ya kwana a tabarma. Ruwa na koro kunamu da macizai daga ramukansu, busasshen wurin da kika samu su ma shi suke nema. Hajiya gado ɗaya, ku biyar ku matsu a biyun. Ɗora ƙafafun angarib kan jan bulo, a kakkaɓe takalma kafin a sa. Gidan sauro kuwa ki cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa, ku 'yan Kassala ba sai an tuna muku kankashar 2018 ba, zazzaɓin nan da sauro ya yaɗa. Takardar gida da lambar ɗan ƙasa ki ƙulle a leda biyu, ki rataye a sandar tsakiya. Garwashi a waje, mushamma ba ya wasa da wuta.

Baba Alhaji:
Na manta, a shimfiɗa tabarmar kaba ƙarƙashin mushamman, in ba haka ba da hantsi kamar tanda. Hajiya kuma kada ki ja da ita. Kira limamin unguwa ya gani da idonsa, shi ya faɗa mata.

Ummu Sadiya:
Allah ya saka da alheri. Liman ya zo, ya zura sandarsa a tsagar ta shige har rabi, Hajiya ta yi shiru. Ta yarda, amma sai an fara fito da akwatinta da hoton Alhaji. Samari sun kafa sanduna huɗu, saura biyu. Gidan sauro ɗaya gare ni, in akwai mai aro a nan Kassala ya yi min magana kafin duhu.