Abin da aka tsayar kan wanka a kogi da lasisin kamun kifi

1. A tattaunawar da aka yi, baki ya zo ɗaya: kogi yana yaudara. Sama ya kwanta luf, ƙasa yana ja, yashin da aka taka jiya ya zama rami yau, musamman bayan ruwan sama ko in an buɗe madatsa. Kada a faɗa da ka inda ido bai ga ƙasa ba.

2. Yara su sa rigar ceto, babba yana kusa, idonsa a kansu.

3. Dokar lasisi ta bambanta daga wuri zuwa wuri. A tambayi hukumar yankin kafin a jefa ƙugiya.

An rabu kan mai kama kifi ya sake shi. Wasu sun ce bai kamata ya biya kuɗin lasisi ba, wasu kuma sun ce kuɗin ne ke biyan masu tsaron kogi lokacin da kifi ke zuba ƙwai. Ina tare da na biyun.